Awon Toka

A ɗakin gwaji na jami'a, nan Kumasi,
aikina awon abin da wuta ta rage.
Ma'aunin nan ko numfashi ya gifta sai ya ji,
don haka nake riƙe nawa kafin in karanta.

Ran Talata aka kawo buhu huɗu:
ɓawon kwakwar manja, ɓawon koko,
garin katakon Sokoban da inji ya matse curi-curi,
sai wani baƙin dutse mai sheƙi,
kwal, wai ta teku ya zo,
ya hakimce kan tebur
kamar baƙon da ya san an san shi.

Na kwanar da su a tanda don ruwa ya fita.
Da safe garin katako ya rame,
ashe rabin fankamarsa laima ce.
Kwal kuwa ko gezau.
Na rufe kasko, na ƙara zafi:
kashi uku cikin huɗu na katako ya bi iska,
mai saurin kyauta, mai saurin tsiyacewa.
Kwal ya ba da kaɗan, ya danne saura.
A turmi ma haka: shi ya dare kamar gishiri,
su suna ta jijiya, suna gardama da taɓarya.

Na saci guntu, Allah Ya yafe,
na ƙulle a bakin gyale zuwa Aboabo,
maƙerar babana, Ɗanlami,
wanda shekara arba'in yake ƙera kurfoti
bai taɓa ganin kwal ɗin da aka raɗa wa murhun sunansa ba.

Ya jinjina shi a tafi. Ya shinshina.
Ya ce, wannan ya ci ya ƙoshi.
Ya tura shi tsakiyar garwashi, ya kama zugazugi.
Ɓawon kwakwa tuni ya amsa, yana ta ƙaraf-ƙaraf,
baƙo kuwa sai an roƙe shi,
kamar attajirin da aka tasa da asuba.
Da ya kama fa, ya kama.
Ƙarfe ya yi ja, ya wuce ja,
Baba ya ja kujera baya, ya yi salati.

Sai hayaƙi rawaya ya miƙe,
warin ashana ya cika rumfa,
yaron maƙera ya fita da tari.
Ni na san sunanta a takarda: farar wuta.
Baba bai nemi suna ba.
Ya ce, zafinsa ya fi, mudu biyu nawa ba su kamo ɗayansa ba,
amma yana da mugun baki,
zai shiga cikin adda ya kwanta,
ranar da manomi ya sari kututture ta karye,
ni za a zo nema.

Na ba shi labarin ɓawon koko,
yadda tokarsa ta narke mini, ta manne wa kasko,
har na rubuta mata laifi da jan biro.
Anti Adwoa mai sabulun salo tana jinmu ta katanga.
Ta ce, laifi? Kawo mini laifin nan buhu goma.
Kanwar da ta ɓata miki kasko
ita ta kai ɗana makaranta.
Tokar baƙon naku wa ya taɓa tambaya?

Ban da amsa. Akwai dai lambobi a jakata.

Hadari ya taso daga wajen Asawase.
Baba ya ruga da leda, tsoho da gudu,
ya lulluɓe buhun ɓawonsa kamar jariri,
don wannan bara yana bisa itace
kuma har yau bai manta da ƙishirwa ba.
Ragowar kwal na nan a ƙofa,
ruwa na dukansa, yana zamewa.
Ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa,
ba ya shan komai, ba ya gaida kowa.

Da shi Baba yake tokare ƙyaure yanzu.